Sunan da Kakan Nabukenya Ya Yar a Jarida

Duk wanda ya taɓa sayen soyayyiyar fara a tashar motar Masaka ya san Nabukenya, ya kuma san ba a yi mata gaggawa. Sai ta ɗauki guntuwar jarida, ta karance ta gaba da baya tana motsa leɓe, sannan ta naɗe ta zuba maka farar. Ba ruwanta da ƙwallo ko siyasa. Ƙananan rubutun shafin baya take bi, inda ake cewa wane ya rasu mai neman gado ya fito, wane ya sayar da fili, wane ya sauya suna. 'Yan acaɓa har Lauya suke ce mata, ita ko a jikinta. Abin da za ta kayar da Baffanta Matovu da shi take nema.

Su 'yan dangin Mazo ne, masu ƙin cin naman mazo, kuma sunayensu na dangin ne kaɗai. Ranar fitar da makokin mahaifinta a ƙauyen Kalagala, an tsayar da wanta Kasozi a ƙofar gida, an yafa masa mayafin ɓawon itace na magaji, saura a miƙa masa mashi. Sai Baffa Matovu, ƙanen mamacin, ya miƙe.

"Ku dakata. Wannan ba jininmu ba ne. Uwarsa da cikinta ta shigo gidan nan, cikin wani ɗan ci-rani daga Burundi mai tsinkar kofi. Baƙo ba ya gadonmu."

Ya zare mayafin da hannunsa, ya yafa wa ɗansa. Ƙarya ce tsagwaronta, kowa ya sani, amma Matovu mai baki ne, kuma shi ya kawo giyar taron. Kasozi bai iya faɗa ba. Ya koma gari ya kama shan abin da ya kashe shi. Da aka kawo gawar, Baffan ya hana a haƙa masa kabari a gonar ayabar bayan gida, inda ubansu da kakansu Lubega suke kwance. A makabartar gwamnati aka binne shi, tsakanin waɗanda ba a san danginsu ba. Nabukenya ba ta yi kuka ba ranar. Tsana ce ta cika mata ciki, har ba wurin hawaye.

Wani mai sayen fara ya ce mata wataƙila da mahaifinta ya yi rajistar fili an buga sanarwa da sunayen 'ya'yansa. Shi ke nan ta samu aiki. Da lokacin fara ya wuce sai ta hau mota zuwa Kampala, ta shige ɗakin da ake ajiye tsoffin jaridu, ta yi ta juya shafuka tana atishawa. Shekara ta bi shekara, ba sunan ubanta ba na Kasozi. Mai hankali da ya haƙura. Ita taurin kai ya sa ta ci gaba da komawa baya, har ta faɗa zamanin Turawa, ranar nan idonta ya sauka kan sunan ƙauyensu.

"Ni Ntahobari, haifaffen ƙasar Burundi, leburan gonar auduga, mazaunin Kalagala, na yar da wannan suna daga yau. A kira ni Lubega."

Lubega ɗaya aka taɓa yi a Kalagala, uban Matovu. Ta tuntsire da dariya har mai gadin ɗakin ya leƙo ya tambaya ko lafiya. Ta san sarai wuƙar nan har ita za ta yanka, don kakan nata ne ita ma. Ta sa aka ɗaukar mata hoton shafin, aka buga masa hatimi. Ba ta ruga ƙauye ba. Ta fi son ta same shi a tsaye gaban jama'a, kamar yadda ya sami Kasozi.

Damar ta zo da shugaban reshensu na dangi ya rasu, aka ce Matovu za a naɗa. Ta saka doguwar rigarta ta biki, ta je ta taya mata feraye ayaba, ta durƙusa ta gaishe shi.

"A'a, mai fara ce? Kin tuna da mu?"

"Kullum ina tuna ka, Baffa."

Aka yafa masa mayafin. Sannan ya soma jero asalinsa, yadda al'ada ta ce, kowane kaka da inda yake kwance. Ya ce shi ɗan Lubega ne mai kwance a Kalagala, jikan Bukenya mai kwance a wani tudu can nesa. Yana cikin lissafo na ukun ta miƙe daga cikin mata.

"Iyayena, a gafarce ni. Wa ya taɓa zuwa sharar kabarin Bukenyan nan?"

"Zauna, ke! Mata ba sa magana a nan," in ji ɗan Matovu.

"Ba ni zan yi ba, kakanka ne zai yi."

Ta zaro takardar nan mai hatimi, ta karanta a hankali, da ƙarfi, ta maimaita don na baya. Wani dattijo da manyan dangi suka aiko ya karɓi takardar, ya sa tabarau, ya daɗe a kanta. Ya juya ga Matovu.

"Gobe ka kai mu kabarin kakan naka."

Ba kabarin da Matovu zai iya nunawa. Dattijon ya ce wanda ya raɓu da dangi ana cin abinci da shi, ana aurar masa da 'ya'ya, amma ba ya shugabanci. Ya zare mayafin. Matovu ya ja ƙafa ya shige gonar ayaba, ya zauna daɓas kusa da kabarin wansa. Masu cewa ramuwa ba daɗi ba su ɗanɗana ba. Nabukenya ta ji daɗi har cikin ƙashinta.

Gwaggonta ta cafko hannunta. "'Yar nan, kin tsiraita mu duka! Ke ma yanzu sunanki aro ne. 'Yar wa za ki ce ke ce?"

"Na sani tun a Kampala, Gwaggo. Ina fartanya take?"

Ta ɗauko ta a bayan kicin, ta nufi kaburburan, jama'a na buɗa mata hanya. Ta tsaya a kan Matovu.

"Tunda duk baƙi ne a kwance a nan, ba sauran magana. Matsa, Baffa. Inda zan haƙa wa Kasozi ne ka zauna a kai."