Madarar Ranar Juma'a

A Anguwan Rogo muke zaune lokacin, wajen shekarar saba'in da bakwai. Maigidana yana aiki a wani shagon tace kuza a hanyar Bukuru, a bakin injin da ke raba busasshiyar kuza da yashi. Da yamma zai dawo fari fat har gashin ido, yara su yi ta dariya wai Baba ya tsufa. In na wanke kayan aikinsa, abin da ke kwantawa a gindin baho kamar ƙullun koko, sai dai toka-toka.

Duk Juma'a ogansu yana ba kowane lebura gwangwanin madara biyu, wai tana wanke ƙurar ƙirji. Kowa ya yarda da haka, har ni da na yi sakandare, na zana huhu da hannuna a littafi.

Shi bai taɓa shan tasa ba. Daga masallaci zai shigo da su a aljihu, ya dire mini a kan tabarma.

"Malam, wannan fa maganinka ne," in ce masa.

"Ni jariri ne? Zuba wa yara a koko. Ƙirjin nan ba ya tsatsa."

Sai in yi dariya, in huda gwangwanin da ƙusa. Allah Ya sani, daɗi nake ji in na ga yaran suna lashe cokali.

A damina ta biyu da kama aikin ya fara tari. Ya kai ga ba ya iya kai Fatiha ƙarshe sai ya tsaya ya ja numfashi, daga baya ya koma sallah a zaune. Yayarsa ta zo dubiya daga Katako, ta ga tulin gwangwanayen da nake tarawa a bayan murhu.

"Au, ashe nan maganin ƙanena yake ƙarewa?" ta ce. "Sannu, 'yar boko."

A zuciyata na yarda da ita. Na shiga ɗura masa madara safe da yamma har ta gundure shi. Tarin bai ko ragu ba.

Ranar da likita ya ɗaga hoton ƙirjinsa a jikin taga, na kasa riƙe abin, na ce ni ce sanadi, na ba shi labarin madarar. Ya dube ni ya ce:

"Malama, madara ciki take zuwa, ƙura kuwa huhu. Ina suka haɗu? Ko kwali guda yake sha kullum, haka hoton nan zai fito. Abin rufe hanci ya kamata a ba leburorin."

Na zaci zan ji sanyi. Amma ban ji ba. Ashe shekara biyu da gwangwani ake rufe mana baki, muna godiya.

Bayan babbar sallah ya rasu. Ranar sadakar uku motar shagon ta tsaya a ƙofar gida, aka sauke saƙon ta'aziyyar oga: kwalin madara guda.

Abinci ba a wulaƙanta shi. Na dafa wa masu gaisuwa shayi da ita, ni ban kai bakina ba. An ce mai yafiya Allah na yafe masa, kuma ina roƙon Ya ba ni ikon yi. Har yanzu dai bai ba ni ba.