Tsohuwar da Ta Iya Mutuwa

Ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma aikin ya koya mini rashin yarda da mutane. A Kano na ga masu ciwon ƙarya iri-iri, don haka da na zo Dubai, shekara biyu bayan buɗe jirgin metro, da halina na zo. Kamfanin da ya ɗauke ni ya tura ni kula da wata tsohuwa a gida. Kullum da sassafe nake barin ɗakinmu na unguwar Al Nahda in hau bas, in dawo bayan la'asar.

Ɗanta ne ya tarbe ni, wani injiniya mai yawan waige-waige. Ya ce daga Ajantina suke, mahaifiyarsa ta haura tamanin, tana da hawan jini, kuma duk abin da na gani a gidan ya tsaya a gidan. Maganar nan ta ƙarshe ita ta sa na buɗe ido. Na ga littattafai da rubutu mai tafiya daga dama zuwa hagu, amma ba Larabci ba. Na ga akwati cike da gashin kanti da riguna masu ƙyalƙyali. Na ce a raina, ruwa ba ya tsami banza.

Ita da kanta ta kama ni ina leƙen akwatin.

"Ni Bayahudiya ce," ta ce da guntun Turancinta. "Shekara hamsin na yi ina wasan kwaikwayo da waƙa da Yidish, harshen da iyayena suka zo da shi daga Turai. Ɗana yana tsoron maƙwabta su ji. Ke ma kin tsorata?"

Na ce a'a, Mama.

"Ba ki iya ƙarya ba, Sista. Idonki gudu yake yi."

Tun tana 'yar shekara tara ta hau dandali, in ji ta, tana bin iyayenta gari-gari. Ta fito a marainiya, ta fito a amarya, ta fito a uwa mai jiran ɗa. Daga baya masu kallo suka yi ta mutuwa, 'ya'yansu ba sa jin harshen, aka mayar da gidan wasan wurin ajiye motoci. Sai ta koma waƙa a gidajen biki. Muryarta ta tsufa amma tana da zaƙi, ko da yake rabin labaran nata ban yarda da su ba. Idan abu ya burge ta, ba ta cewa komai, sai ta bubbuga hannun kujera sau biyu.

Abin da ta fi alfahari da shi shi ne mutuwa. Ranar da ta fara yi mini, tana tsakiyar waƙa ta dafe ƙirji ta sulale. Na zubar da magani na ruga, na auna jini, lafiya lau. Sai na ga idonta na hagu ya buɗe kaɗan yana duba ko na yi kuka. Na ji haushi ƙwarai. Na gaya wa ɗanta cewa wasan nan yana da haɗari, wata rana ba zan gane na gaske ba.

"Khalas, ya isa, Sista, ƙyale ta," ya ce. "Ke kaɗai kika rage mata mai kallo."

Haka muka zauna wata bakwai. Kusan duk mako sai ta mutu, ni kuma na daina gudu. Na koyi tsayawa in naɗe hannu, in jira idon hagu, in tafa mata. Har ciwon kanta na daina yarda da shi sai na auna.

Wata Talata da hantsi tana waƙa da kofin shayi a hannu, sai kalmomin suka fara narkewa a bakinta. Kofin ya faɗi. Ta karkace a kujera, baki ya juye gefe. Na ce lallai yau an zo da sabon salo. Na tafa, na ce, "Mama, yau kin ƙure maleji." Na jira idon, bai buɗe ba, na ɗauka taurin kai ne. Na tafi kicin na ɗauko tsumma, na tsince fasassun kofin a nutse. Sai da na durƙusa goge shayin na ga fitsari yana bin ƙafarta. Matar da ba ta yarda ɗigon miya ya taɓa rigarta. Nan take na ruga na kira motar asibiti.

Shanyewar ɓarin jiki ce. Ta rayu, amma magana ta tafi, waƙa ta bi ta. A bakin gadonta na asibiti, a gaban ɗanta, likita ya tambaye ni minti nawa ta yi kafin in kira, domin a ciwon nan kowane minti yana da muhimmanci. Na san sun fi goma. Na san kuma bizata a hannun aikin nan take.

Na dube shi ido cikin ido na ce, "Nan take na kira."

Idona bai yi gudu ba. Da na juya, idonta na hagu a buɗe yake, yana kaina. Ta ɗaga hannun da ya rage mata a hankali, ta bubbuga ƙarfen gadon sau biyu.