Furar da Na Dinga Dama wa Ƙanwata

Shekarun baya, muna zaune a Kaura Namoda, ƙanwata ta fara ramewa. Shekarunta sha biyar, ga ci kamar gara, amma kullum ƙara zubewa take. Ruwa kuwa sai ta shanye moɗa uku a tsaye, jim kaɗan ta ɗauki buta ta zagaya.

Mahaifiyata ta ce tsayi take yi. Ni kuma sarkin iyayi na ce a bar ni da ita, ni zan mayar mata da jikinta. Kullum da hantsi in dama mata fura da nono, in zabga sukari cokali huɗu, in ce, "Shanye, kin koma kamar karan dawa." Ranar cin Kasuwar Daji har zuma na sa aka sayo mata. Wallahi har godiya take yi mini.

Sai ƙanwar mahaifiyata ta zo mana daga Shinkafi. Ta shiga makewayi, ta fito jiki a sanyaye, ta ce, "Kun ga kiyashin da ke taruwa inda ɗiyag ga ke fitsari? Haka mijina ya fara. Ku kai ta a auna suga."

Mahaifiyata ta ce, "Haba! Ciwon Alhazai masu tumbi? Mi ya haɗa shi da yarinya?" Ni har da dariyata.

Kwana huɗu bayan nan ƙanwata ta dawo daga Islamiyya tana amai, ta zube a tsakar gida. Numfashinta ya koma wani iri, ja take da ƙarfi, muna kiran sunanta ba ta amsawa. Innalillahi! Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba. A mota na rungume kanta ina ta salati, ina taɓa wuyanta in ji ko da sauran rai.

A asibiti aka soki yatsarta aka auna. Likita ya dubi na'urar, ya dube mu, ya ce, "Me kuke ba ta a gida?" Kowa ya juyo ya kalle ni.

Sai rana ta biyu ta buɗe ido. Likitan ya ce ba furata ta jawo ciwon ba, irinsa yana kama yara ma, amma sukarin nan saura ƙiris ya kai ta kushewa.

Yanzu tana nan lafiya lau, ita ke yi wa kanta allura kullum. In kun ga yarinya na ci tana ramewa, ga ƙishirwa ga yawan fitsari, don Allah ku kai ta awo, ba ruwan ciwon nan da shekaru.

Ita ta daɗe da yafe mini. In na je gidanta ma tsokanata take, "Yaya, yau cokali nawa za a zuba?" Sai in yi dariya. Amma har yau in na ɗauki cokalin sukari, sai in mayar da shi in ajiye.