Shanun Amiru Tela da Geron Alhaji Bawa

Ranar sha tara ga watan Nuwamba, 1983, Amiru Tela ya fara haɗuwa da Labbo a bakin rijiyar Turba. Ya taso daga Isa ne zai kai ɗinkin suna, tayar kekensa ta yi faci, ya ratse neman ruwan da zai gano inda iska ke fita. A nan ya tarar da Labbo, wani dattijon Bafillace, yana shayar da shanu, duk haƙarƙarinsu a waje.

Dattijon ya dube shi ya ce, "Kaɗo, kana sayen saniya?"

"Da waɗanne kuɗɗi, Baffa? Ka ga mai kuɗɗi na lallaɓa taya?"

"Wa ya yi maka zancen kuɗɗi? Ana tuƙa tuwo da su? Kawo buhu biyu na gero ka ja karsana. Masu sayarwa sun fi masu saye."

Amiru ya yi dariya, yana tsammanin wasa ne. A shekarar arziki karsana ba ta kasa buhu takwas. Da ya ga Labbo bai yi dariya ba, sai ya jingine keken ya zauna.

Shekarunsa arba'in da ɗaya a lokacin. A Isa aka haife shi, ɗan Maliki manomi, wanda ya rasu ya bar masa gonar tudu da fadama ɗaya a bakin gulbi. Fadamar nan ce cin gidan. Ko damina ta yi gardama, albasa da dankalin da ake nomawa a cikinta da rani suna riƙe shi da matarsa Rahmatu da 'ya'ya biyar. Ɗinki kuwa ya ja baya. Aikin gwamnati ya tsaya, albashi ba ya zuwa kan lokaci, kuma daminar bana ta yi rowa. Mutumin da ya saba ɗinka riga arba'in da Sallah, bana sha ɗaya ya ɗinka, sauran aikin duk faci ne.

Akwai kuma abin da ya daɗe yana ci masa rai. A farin 1973 ya ga wani maƙwabcinsa ya sayi shanu shida da kuɗin da bai kai na doki ɗaya ba, bayan shekara uku mutumin ya tafi Makka da ribarsu. Amiru ba shi da ko sisi a wancan karo. Tun daga nan yake cewa in Allah ya sake nuna masa irin wannan ƙofa, ba zai tsaya gaisuwa a bakinta ba.

Gero ne babu. Amma a Sabon Birni akwai Alhaji Bawa, falken hatsi, abokin marigayi Maliki, mai rumbuna cike da tsohon gero na shekara uku. Amiru ya same shi ranar biyu ga Disamba.

Alhaji ya saurare shi har ƙarshe, sannan ya ce, "Ɗan Maliki, ni ba ni cin riba. Buhu talatin ka ɗauka, buhu talatin za ka maido, sabon gero, kafin watan Oktoba ya mutu. Gero na ba ka, gero nika so, kada ka zo mini da takarda. In ya gagara fa?"

"Ba ya gagara, Alhaji."

"Na ji. In ya gagara?"

Amiru ya ambaci fadamar a matsayin jingina. Aka kira shaidu biyu, aka shafa fatiha.

A hanyar komawa yana ganin ya yi wa Alhaji wayo. Duk wanda ya tashi a Gobir ya san babu lokacin da gero ke arha kamar kaka. Ya ɗauki tsoho, zai biya lokacin da ake roƙon mai saye. Karsana huɗu kawai zai sayar in sun yi ƙiba, bashi ya fita, sha ɗaya su zama nasa. Abu guda ne bai sa a lissafi ba, wato fari ya maimaita shekara biyu a jere. A saninsa ba a yin haka.

Kafin ƙarshen wata ya mallaki karsana goma sha biyar, ya damƙa wa Labbo kiwonsu. Da rani ya yi nisa daji ya zama fili, harawa da dusa suka yi tsada. A watan Maris ya sayar da keken hawansa ya sayi dusa, ya koma zuwa Turba a ƙasa. Ya kuma ɗauki wata ɗabi'a da Rahmatu ta tsana. Duk ranar kasuwa sai ya rufe shago ya je kara ya ji kuɗin saniya, ya zarce wurin 'yan hatsi ya ji kuɗin buhu, ya dawo yana motsa leɓe. Abincin ranar ba ya shiga.

A ƙarshen Afrilu aka canja kuɗi, aka rufe iyaka. Takardar naira ta yi wuya a hannun mutane, masu kai shanu kudu suka ɗauke ƙafa. Kara ta cika da dabbobi, dillalai na zaune suna korar ƙuda.

Ranar sha biyu ga Mayu wani mahauci mai suna Na'Allah, wanda ke yin banda yana aikawa kudu, ya taya shanun gaba ɗaya, naira tamanin kowace. Buhun gero yana naira hamsin. Amiru ya lissafa a tsaye: buhu ashirin da huɗu ke nan, saura shida. Ya ce zai yi shawara.

Rahmatu na tankaɗe ya faɗa mata. Ta ajiye rariya.

"Malam, ka sayar. Ka sayi geron yau ka kai ma mutumen nan abinai."

"Sabon gero ya ce."

"Ka tahi ka roƙe shi, abokin baba ne. Shidan da sunka rage, ga awakina, ga tasoshina."

"In sayar da hasara, ana saura wata guda ruwa ya sauka? Mi za a ce da ni cikin garin ga?"

"A ce tela ya koma ga allura tai. Wannan zagi ne?"

Bai sayar ba. Ko Labbo, da ya ji labari, sai da ya girgiza kai ya ce, "Kaɗo, da arha ka saye su, amma cikinsu bai san da haka ba."

Ruwa ya sauka a tsakiyar Yuni. Aka yi shuka, ciyawa ta tsiro, Amiru ya yi kwana ashirin yana tafiya kamar wanda aka sauke wa kaya, har ya fara tsokanar Rahmatu da awakinta. Daga nan sama ta ɗauke. Hadari ya riƙa haɗuwa ta gabas, iska ta watsa shi. Yakan bar keken ɗinki ya fito ƙofar shago ya tsaya yana kallon sama, har masu wucewa suka daina yi masa magana. Aka fita roƙon ruwa sau biyu. A watan Agusta gero ya bushe a tsaye, bai kai ga fitar da kai ba.

Ranar ashirin da shida ga watan, da hantsi, Labbo ya koro shanu goma sha biyu har ƙofar gidan Amiru. Uku sun riga sun mutu.

"Za ni kudu da abin da ya rage mini," in ji shi. "In na tahi da naka, ba su dawowa kafin ranar Alhajinka. Ga amanarka."

Haka shanu suka kwana a ƙofar gidan tela, ba ciyawa, ba mai kiwo. Yara suka riƙa sassabo ganyen itace suna zuba musu. Amiru ya aika a kira Na'Allah. Mahaucin ya zagaya su, ya ce yanzu sittin, kuma biyu kawai yake iya ɗauka, don shi ma kuɗinsa sun maƙale a kudu. Buhu ya kai naira casa'in da biyar. Amiru ya ƙi, yana jiran kasuwa ta gaba. Kasuwa ta gaba ta fi wannan muni. Bashin dai buhu talatin ne, bai ƙaru da ko tiya ɗaya ba, amma kowane mako sai ya ga ya yi masa nisa fiye da makon jiya. Uku suka ƙara mutuwa a watan Satumba.

A tsakiyar Oktoba ya sayar da taran da suka rage a kan naira ɗari biyar. Buhu yana naira ɗari. Ya sayi biyar, ya ɗora a mota zuwa Sabon Birni.

Alhaji Bawa ya dubi buhunan, ya dubi Amiru.

"Alhaji, ka ƙara mini shekara guda, don darajar baba."

"Ɗan Maliki, da rumbuna na nan yadda ka san su, da na ƙara maka biyu. Tashi ka leƙa. Mutum goma sha bakwai na ba gero bara, babu wanda ya maido ko rabi. Ni ma akwai masu bina, kuma ba su san Maliki ba."

Amiru bai tashi ya leƙa ba. Alhaji ya sa aka kira shaidun nan biyu, aka maimaita abin da aka faɗa ranar biyu ga Disamba, kowa ya ce haka aka yi. Da za su rabu Alhaji ya ce a mayar da buhu biyar ɗin cikin mota.

"Kai ma yara su ci. Hwadama ta isa."

Da wannan geron gidan ya kai watan Maris. Daminar 1985 ta yi kyau, bayan shekara guda kuma karsana ta koma buhu tara. Amiru bai sake sayen dabba ba. Ya ci gaba da ɗinki a Isa, da rani yana tafiya ci-rani Gusau da keken ɗinkinsa. Sau biyu ya tara kuɗi ya nemi fansar fadamar, ba su kai ba. Labbo bai dawo Turba ba. Amiru ya rasu a watan Yuli na 1998, yana da shekara hamsin da shida. Fadamar tana hannun 'ya'yan Alhaji Bawa.