Shekarar da Na Hana Hura Wuta a Gidana

Ni mutum ne mai ƙin asara tun ina yaro, kuma wannan halin ne ya kashe mini aurena na fari. Ba abin alfahari ba ne, amma zan faɗe shi yadda ya faru.

A lokacin motocin Sakkwato ba su da yawa, kowa ya san kukan kowace. Ina tuƙa babbar motar wani Kwara, cikin Larabawan Sham 'yan kasuwa, in kai fata da gyaɗa Gusau inda jirgin ƙasa ke tsayawa, in komo da gishiri da yadi. Danginmu malamai ne, kuma tun ranar da na ajiye allo na kama sitiyari suka ja baya da ni. Ba wanda ya zage ni. In dai na shiga zaure sai hira ta mutu, wani ya kai hannun riga hanci wai warin mai. Na yi zuciya na kama wani ɗan gida wajen Ƙofar Atiku, na auro ɗiyar wani manomin shinkafa daga ƙauye a bakin fadama. Tana sona, ina sonta. A duk birnin nan ba ta san kowa ba sai ni, ni kuwa rabin wata ina kan hanya.

Fetur a zamanin a garwa yake zuwa, bibbiyu cikin akwatin katako. A kantin Sakkwato tsadarsa ta fi ƙarfin faɗa, a Gusau kuwa, bakin tasha, da sauƙi. Kwaran yakan ba ni kuɗin mai a farashin Sakkwato, ya ce abin da na rage nawa ne. Kai, da bai faɗi haka ba! Na zama kamar wanda aka yi wa asiri. Kowace gangara sai na kashe inji na bar motar ta sulala. In inji ya yi zafi in sirka masa kananzir, motar tana tari tana hayaƙi, fasinjojin da ke kan kaya suna tsine mini. Garwa in ta ƙare sai na kifa ta na tsaya jiran ɗigon ƙarshe.

Wata bazara na tarar da wasu garewani da suka lotsa a jirgi, ana sayar da su a wulaƙance. Na kwashi goma sha biyu. Ban kai su shagon Kwaran ba, don in ya gani zai gane ribata ya rage mini. Sai na kawo su gida, na jera a ɗakin da ke jikin madafa.

Akwai wani wuri a katangar gidan da ya zube, tsakaninmu da maƙwabta. Ta nan matan unguwa ke ratsowa ɗiban wuta, don ashana ba kowa ke iya sayenta ba. Matata tana da hannun ajiye garwashi, ko yaushe ka tona tokarta akwai ja a ciki. Mace za ta shigo da ɗan kasko wai wuta ta zo ɗauka, sai ta zauna, a yi tsince, a yi kitso, a yi gulma har wutar ta mutu a sake ɗibar wata. Ni duk wannan a wurina ɓata lokaci ne.

Rana ta biyu da kawo man, ina zaune a tsakar gida, sai ga wata dattijuwa maƙwabciyarmu ta taso da garwashi a kasko, ta bi ta bakin ɗakin nan, iska tana kwasar tartsatsi. Na taɓa ganin mota ta ci wuta a hanya da idona, na san abin da nake tsoro. Na daka mata tsawar da ta sa ta saki kaskon.

Ta dube ni ta ce, "Haba ɗana, mi ya yi zafi? Wuta ce fa, ba kura ba."

Na ce, "Inna, ki yi haƙuri, daga yau ba a ɗibar wuta a gidanga."

Ban tsaya nan ba. Washegari na kwaɓa ƙasa da kaina na toshe ɓarakar katangar. Na ce ba girki, ba turaren wuta, ba fitila, har man ya ƙare. Na yi magana da wata mai tuwon sayarwa ta riƙa miƙo abinci daga bakin ƙofa safe da yamma. Har da bugun ƙirji na ce wa matata, "Kin huta da hayaƙi. Matan sarakuna ma sai haka."

Ta ce, "To, Malam."

Wallahi na ɗauka godiya ce.

Haka muka yi ta tafiya. In dawo in tarar da gida tsaf, shiru, ba ko kaza. In wuce kai tsaye ɗakin mai, in shinshina, in girgiza garwa in ji ko zafi ya sha mini wani abu, sannan in tambaye ta lafiya. Ta rame, na ce zafi ne. Ta rage magana, na ce hankali ta ƙara. Sau ɗaya ta ce, "Malam, ko ka buɗe mini katangar nan, ba zan ba kowa wuta ba." Na ce mata ban yarda da matan unguwar nan ba, in an buɗe sai sun shigo da wuta. Ba ta sake tayar da zancen ba.

Da ruwan farko ya sauka hanya ta ɓaci, na maƙale a wani gulbi, tafiyar kwana huɗu ta zama ta sha ɗaya. Na iso gida na yi sallama, ba amsa. Tabarmarta a naɗe, akwatinta babu. Kwanukan mai tuwo uku a zaure, ba a taɓa ba, sun yi tsami. Kuma ku ji rashin kunya irin tawa: sai da na leƙa ɗakin mai na ga komai yana nan, sannan na fita nemanta.

Dattijuwar nan na je na tambaya, ina sunkuyar da kai. Ta ce wanta ne ya zo birni sayar da shinkafa, ya biyo gaishe ta, ya gan ta, ya ce ta ɗauko mayafinta.

Na bi ta ƙauye a ƙasa, wuni guda cikin taɓo. Surukina ya karɓe ni da mutunci, ya ba ni fura, ya ce, "Ni ban hana ta ba, ban kuma kore ta ba. Ga ta nan, ku yi magana." Daga inda nake ina jiyo dariyarta cikin mata wajen murhu. Na manta rabon da in ji ta.

Ta fito ta durƙusa nesa da ni. Na ce zan kwashe garewanin, zan fasa katangar da hannuna, ta hura wuta ko a tsakar ɗaki ne in ta so.

Ta ce, "Malam, ba ka doke ni ba, ba ka bar ni da yunwa ba, ba zan yi maka ƙarya gaban Baba ba. Amma tafiyarka ta ƙarshe kwana tara na yi ban ji muryar mutum ba sai ta mai tuwo. Rana ta goma na kama kaina ina gaida garwa. Tsoro ya kama ni. In na koma gidan can, ko da wuta ko ba wuta, hankalina ba zai zauna ba. Don Allah ka sawwaƙe mini."

Na so in yi faɗa, don faɗa na iya. Na buɗe baki na rasa wanda zan yi da shi. Aka kawo tawada da alƙalami, na rubuta takardar saki da hannuna, tunda karatun da na gudu na bari ya isa wannan.

Na komo Sakkwato ni kaɗai. Man nan wata biyu ya yi mini ya ƙare, na sayar da garewanin ga 'yan ga-ruwa. Ita kuwa ta yi aure a ƙauyensu, na ji an ce 'ya'yanta shida. Na yi wasu aurarrakin bayanta, na gode Allah, amma har yau ita nake kewa.