Wayar da Ke Yi wa Baba Karatu

Baba bai taɓa cewa ba shi da lafiya a gabanmu ba. Ko zazzaɓi ya kayar da shi, iyaka ka ji ya ce, "Jikin ne ya ɗan yi nauyi." Tsohon ma'aikacin masaƙa ne, ya ƙarar da ƙarfinsa a Kakuri tsakanin injuna, da aka rufe masaƙar kuma ya zauna a gidansa na Makera da rediyonsa da taurin kansa. Ni ce 'yarsa ta fari. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa yake kirana Uwata, kuma kunyata yake ji kamar da gaske ni na haife shi. Tun da Innarmu ta rasu ba shi da wanda yake faɗa wa damuwarsa.

Da yanar ido ta fara rufe masa gani, babu abin da ke ƙona masa rai kamar miƙa wa wani takarda ya karanta masa. Sai na saya masa waya, na sa masa wata manhaja: ka ɗauki hoton rubutu, ta karanta maka da murya. Ba shi da imel, na sa nawa, kamar yadda kowa ke yi wa iyayensa. Manhajar ta tambaye ni inda za a riƙa yin karatun, a cikin wayar ko a tura hoton ta intanet zuwa kwamfutocin kamfanin. Na cikin waya sai an sauke wani ƙaton fayil, ga shi da jinkiri. Na intanet ya fi sauri, ya fi gane rubutun hannu. Ina sauri in koma gida Mahuta kafin hadari ya sauko, na danna na biyu.

Baba ya sa wa muryar suna Baturiya, don Turanci take yi ta hanci. In ta zo kan sunan Kakuri ta murɗe shi, ya yi ta dariya har da tari. Na daɗe ban ji ya yi dariya haka ba.

Wata rana da yamma ina tuƙa tuwo, na ɗauki wayata ina neman hoton ɗinki da zan tura wa tela, sai na ci karo da hotunan da ba ni na ɗauka ba. Takardar wuta. Katin ɗaurin aure. Bayan gwangwanin madara. Kowanne da babban yatsan Baba a gefe. Ashe duk abin da ya nuna wa Baturiya, ana ajiye shi a can ƙarƙashin imel ɗina, yana sauka a wayata. Ina dariya ina wucewa har na iso kan takardar asibiti, an fitar da rubutun tsaf a ƙarƙashinta. Ciwon daji ne, irin na maza, a wurin da uba ba ya ambata wa 'yarsa. Na zauna a ƙasan kicin ina kuka har tuwon ya ƙone.

Washegari na yi masa sammako.

"Uwata, lafiya da sassafe haka?"

"Lafiya lau, Baba. Ya jikin?"

"Wane jiki? Ras nake." Ya dafa aljihun da wayar take. "Kin ga Baturiyar nan? Ta fi ku duka hankali. Ta karanta ta ja bakinta, ba ta kai wa kowa."

Na sunkuyar da kai na ce haka ne.

Daga nan na zama mai leƙe. Na san ranar da zai koma asibiti, sai in turo masa mai keke napep in ce hanya ce ta biyo da shi. Na san abin da likita ya hana shi ci, sai in canza miyar da nake aika masa. Yana ta sa mini albarka, wai na iya dace. Amma takardun ba su tsaya nan ba. Suka fara maganar robar fitsari, da abin da ke faruwa da shimfiɗarsa, abubuwan da mutumin nan zai gwammace ƙasa ta tsage da in sani. Duk wadda na buɗe sai in ji kamar na ɗaga labulen banɗaki yana ciki. Ni ma da nake 'yarsa ke nan. Ina ga kwamfutocin mutanen da ban san ko a wace ƙasa suke ba?

Maigidana ya ce in bar abin yadda yake, ai taimakonsa nake yi. Na harare shi, amma na bari. Sai ranar da ƙanwata ta karɓi wayata a wurin wani suna tana kallon hotunan biki, yatsanta na ta ja, saura kaɗan ta faɗa kan takardun. Na fizge wayar har ta ji haushi. Na san halinta: kafin magariba dangi daga Tudun Wada har Zariya sun ji, a cika masa zaure ana share hawaye ana yi masa kallon gawa. Wannan zai kashe shi kafin ciwon.

Na je na ce masa zan gyara wayar. Na sauke ƙaton fayil ɗin, na mayar da karatun cikin wayar, na hana ta tura komai ko'ina, na goge duk abin da ke can. Sirrin da Baba ya ɗauka yana da shi tun farko, sai a ranar ya same shi. Ƙorafinsa ɗaya, wai Baturiya ta yi sanyi, tsufa ya kama ta ita ma.

Ni kuwa na koma cikin duhu. Ba sauran takarda, sai fuskarsa nake karantawa, da yadda riga ta fara yi masa yawa. Na yi ta jira ya gaya mini da bakinsa. In na ce ya jiki, ya ce ras. Wallahi akwai ranakun da na ji kamar in girgiza shi don haushi.

Cikin damina ya faɗi a ƙofar masallaci bayan la'asar. Maƙwabta suka kai shi asibiti, bai ƙara magana ba. Allah Ya jiƙansa.

Bayan an watse daga zaman makoki aka miƙo mini wayarsa. Na buɗe. Takarda ta ƙarshe gajeriya ce: a kwantar da shi ba tare da ɓata lokaci ba, kuma ya zo da wani nasa. Ya ɗauki hotonta ya sake ɗauka, ya sake, ta nan, ta can, kamar yana fatan Baturiya ce ta yi kuskure. Kowa ya ce mini kwana ne ya ƙare, na kuma yarda. Amma har yau ban san ko daidai na yi ba, kuma babu wanda zan tambaya.

Abin da ya fi cin raina kwanan watan da ke jikin hotunan ne, don na tuna ranar. Na kai masa kunun gyaɗa, na ajiye na miƙe, ya ce, "Uwata, zauna mana. Ina kike sauri?" Na koma na zauna. Ya ciro wayar daga aljihu, ya juya ta a hannu, ya daɗe yana kallon inda nake da idanun nan da ba sa ganina sosai. Sai ya ce ruwan bana ya yi yawa, rufin ɗakin baya na yoyo. Na ce zan turo a duba. Ya mayar da wayar aljihu.

"Shi ke nan," ya ce. "Ki gaida yaran."

Ni kuwa na ɗauki jakata na tafi.