Sai An Gama Ɗinki

Babbar nas ɗinmu ta ɗakin tiyata, wadda har likitocin da suka girme ta ke kira Anti, mace ce mai faɗan tsiya, amma hannunta ba ya kuskure. Kafin likitan ƙwaƙwalwa ya gama miƙo hannu, ta ɗora masa abin da yake nema. A ƙarƙashin hular aikin nan ta yi furfura. A gida kuwa daga ita sai mahaifiyarta, kuma kullum sai ta yi wa tsohuwar wanka kafin ta fito.

Ita ta kafa mana doka: wanda ya wanke hannu ya sa safar hannu, ba a ba shi labarin waje sai an gama ɗinki, ko da gidansa ne ke ci da wuta. Wayoyi a wurina ake barin su, ni mai kai-komo a ɗakin.

Rannan an buɗe kan wani magidanci ana cire masa ƙari, sai wayar Anti ta kama ruri a aljihuna. Na fita na ɗauka. Ƙanenta ne.

"Ki ce wa Yaya ta zo yanzu-yanzu. Jikin Mama ya rikice, ita take ta kira."

Ina komawa na tarar jini ya ɓalle, likita ya jiƙe da gumi. Ɗayar nas ɗin da ta iya wannan aiki tana hutun haihuwa, babu mai karɓar Anti. Ta dube ni ta saman takunkumi, na sunkuyar da kai.

"Ke, ƙaro auduga! Kin tsaya kamar an dasa ki."

Wallahi na tsani dokar nan a lokacin. Wayar ta yi ta ruri. Da na sake fita na ɗauka, kukan ƙanen kawai na ji.

Jini ya tsaya, aka ɗinke mutumin lafiya lau. Anti ta zare safa, ta jingina da bango.

"To, faɗa min."

Na faɗa mata duka, har kiran farko.

"Da na tafi a lokacin, da na same ta da rai?"

"Da kin same ta, Anti. Ki yafe min."

Ta girgiza kai, hawaye na jiƙa takunkumin.

"Ba laifinki ba ne, ƙanwata. Tun da kika sunkuyar da kai na gane. Ni ce na ƙi tambaya."